Kyaftin da Agogon Mita Dubu

Ranar da labari ya iso layin cewa otal ɗin bakin babban titi zai ba da kwangilar kujerun kishingiɗa arba'in na gefen tafkin ninkayarsa, Kyaftin mai kushin ya ajiye guduma ya sanar da maƙwabta cewa aikin nasa ne, sauran masu nema su huta da wahalar da kansu.

Kyaftin bai taɓa tuƙa ko kwalekwale ba. Sunan ya samo asali ne shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da ya kai kushin wani jirgin ruwa da ke ɗaure a tasha, ya yi minti arba'in a ciki yana jera su, ya fito jiri na ɗibarsa. Kafin ya iso gida minti arba'in sun zama kwana huɗu. Kafin shekara ta zagayo sun zama wata shida a tsakiyar teku, har da guguwa da wani kifi mai haƙora kamar zarto. Tela da mai aski, maƙwabtan shagonsa na hagu da dama, su suka laƙa masa sunan don tsokana. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta a allon shago.

A sana'arsa ba shi da makusa. In ya ja leda a jikin kujera ya buga ƙusa, sai ka rantse daga kamfani ta fito. Matsalarsa ɗaya tsohon keken ɗinkinsa, wanda cikin ɗinki goma sai ya tsallake uku. Shekara biyu shi da matarsa, malamar lissafi a makarantar firamare, suna tara kuɗin sabon keke mai cin leda mai kauri, kuma a watan nan ne kuɗin suka cika.

Mai aski, wanda duk labarin gari kan biyo ta kujerarsa, shi ya ƙara da cewa mai otal ɗin tsoho ne da ya yi ƙuruciyarsa yana nutso ƙarƙashin jiragen ruwa yana gyara su, kuma ya gayyaci masu nema uku su zo ranar Asabar da rana, kowa da samfurin kujerarsa. Jin haka Kyaftin ya ce ya gano bakin zaren. Manya ba sa kallon ɗinki, hannun da ya miƙo musu ɗinkin suke kallo. Idan tsohon ya ga agogon masu nutso a hannunsa, zai san ɗan'uwansa ne na ruwa, magana ta ƙare.

Ranar Litinin da safe ya ce wa matarsa zai je ya duba kekuna. Ya sa rigarsa mai dogon hannu, ya zarce babban kantin agoguna da ke hawa na biyu a rukunin shaguna, inda sanyin na'ura ke dukan mutum tun daga ƙofa.

Mai sayarwar wata matashiya ce mai sanyin murya, sanye da farar safar hannu. Ta zaunar da shi, ta shimfiɗa baƙin ƙyalle, ta jera masa agoguna uku. Na farko ɗan siriri ne, faɗinsa milimita talatin da tara, yana jure zurfin mita ɗari biyu, kuma shi ya fi duka tsada saboda irin aikin da ke cikinsa. Na biyu milimita arba'in da biyu, mita ɗari uku, shi ya fi sauƙin kuɗi, da ya saye shi ma da ragowar da za ta kai rabin keke. Na uku milimita arba'in da takwas, fuskarsa ruwan lemo, kaurinsa kamar gindin kofin gilashi, mita dubu cur, kuɗinsa kuwa kamar an auna da na keken ɗinki.

Kyaftin ya zaro tef ɗin awonsa daga aljihu, ya auna kowanne a faɗi da kauri kamar yadda yake auna soso. Ya ɗaga ƙaramin da yatsu biyu ya girgiza kai.

"'Yata, a sana'armu in soso ya ƙara kauri kuɗinsa ya ƙaru. Ku a nan abu yana ƙanƙancewa kuɗi yana hawa. Wa kuke so ku yi wa wayo?"

Ta fara yi masa bayanin ƙananan ƙarafan da ke ciki, ya ɗaga hannu ya ce ta bar shi, ba a koya masa ciniki. Sai ta nemi izini ta auna tsintsiyar hannunsa, ta ce santimita goma sha biyar da rabi ce, don haka na biyun ne zai zauna masa daram. Kyaftin ya ce hannun nan da take gani a da kamar ƙafar tebur yake, matsin ruwan teku ne ya tsotse shi. Game da mita ɗari uku kuwa, ya ce nan ne yake tsayawa ya gyara wando kafin ya fara nutso na gaskiya, ba ya son agogon da zai fashe masa tun bai yi nisa ba. Har ya tambaya ko akwai wanda ya fi mita dubu. Ta ce babu. Ya ce to, zai lallaɓa da wannan.

Da ta ɗaura masa, ya ɗaga hannu agogon ya gangara har kusa da gwiwar hannunsa, ya sauke ya dawo ya tsaya a kan ƙashin yatsu. Ta ce sai an cire gaɓa biyar daga sarƙar. Ya ce ba za a rage masa ƙarfe ko ɗaya ba, kuɗin duka ya biya. Ta ce za ta sa masa su a ambulan ya tafi da su. Ya ce bai sayi agogo don ya riƙa yawo da rabinsa a ambulan ba.

Sai ta gaya masa abubuwa uku. Agogon ba ya aiki da batir, motsin hannu ne ke ba shi rai. Ɗan makunnin da ke gefe, in an kwance shi an saita lokaci, dole a murɗa shi ya ɗauru tam kafin a kusanci ruwa. Sannan in aka ɓare ledar da ke fuskarsa, kantin ba ya karɓar kaya.

"Kina goye a baya nake wannan harka," in ji Kyaftin, ya sa farce ya ɓare ledar a gabanta.

Hannun rigarsa ya ƙi wucewa ta kan agogon, don haka ya naɗe na hagu har dantse ya bar na dama a sake, ya shigo layin yana tafiya a karkace kamar mai ɗauke da bokiti. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu ya tambaya murfin tukunyar wa ya ɗauko. Tela ya bar kekensa ya zo ya ɗaga hannun Kyaftin ya auna nauyin, ya ce ƙarfen gugarsa bai kai haka ba.

"In ka faɗa ruwa da wannan ai ba sai ka yi wahalar nutsewa ba," in ji shi. "Shi zai kai ka."

Kyaftin ya ce hassada ce irin ta mutanen tudu, ya sa aka kawo bokitin da mai aski ke wanke tawul. Kafin a cika shi mutane sun taru, har da mai sayar da ƙwai da direbobin tasi biyu da ke jiran fasinja. Ya tsoma hannunsa har gwiwa, ya rufe ido, ya riƙe numfashi ko da yake kansa na waje, ya ƙirga sittin ya fito da shi. Agogo na tafiya. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya kamar wanda ya dawo daga ƙasan teku. Tela ya kwance nasa agogon roba da ya saya a bakin hanya, ya jefa cikin bokitin, ya koma ya ƙarasa ɗinkin wando, ya dawo ya tsamo shi. Shi ma yana tafiya. Kyaftin ya ce bokiti ba ya bambance maza, sai an je inda babu haske.

Agogon bai bar shi ya yi aiki ba. Duk bugun guduma sai ya zamo ya daki ƙashin hannunsa, duk jan leda sai ya maƙale. Ga kuma matarsa da bai shirya abin da zai gaya mata ba. Sai ya mayar da shi akwatinsa ya kulle a durowar shago, ya duƙufa kan samfurin, kujerar katako mai kushin shuɗi na ledar da ruwa ba ya ratsawa. Kwana biyu ya yi a kanta, kuma ta yi kyau ƙwarai, Tela da kansa ya yarda.

Ranar Alhamis da safe ya buɗe akwati ya tarar agogo ya tsaya cik. Gumi ya karyo masa. Ya buga wa mai sayarwar waya yana cewa sun sayar masa da gawa, ta tuna masa cikin ladabi cewa motsi yake buƙata. Ya ce ai ya sani, gwada ta yake yi. Ya kwance makunnin gefen ya saita lokaci da agogon wayarsa, ya tura shi ciki, ya murɗa sau ɗaya ya ƙi kamawa, ya ce sai anjima, ya fita bakin titi ya fara wurwura hannu don agogo ya sha motsi.

Tasi ta farko ta tsaya. Ya ce ba tafiya zai yi ba. Ta biyu ta tsaya, ta uku ta taka birki a bayanta har aka kusa karo, direbobin suka fito suna tambayar ko lafiyarsa ƙalau. Ya juya musu baya ya ci gaba da wurwurawa yana fuskantar shago, bai ga mai ƙwai ba da ta taho da faranti a ka. Agogon ne ya fara isa. Mai aski ya ce bai taɓa ganin ƙwai sun tashi sama haka ba, ɗaya har ya sauka a kan allon da aka rubuta Kyaftin.

Ana tsakiyar wannan rigima, mai ƙwai ta riƙe masa riga tana kiran shaidu, matarsa ta iso daga makaranta da jakar littattafai a kafaɗa, ta zo ta ji ranar da za a kawo keke. Ta sallami mai ƙwai da haƙuri da abin da ke jakarta, ta shiga shago, ta ga akwatin a buɗe da takardar kantin a ciki. Ta karanta sau biyu. Ta jawo kujera ta zauna.

"Baban yara, zo ka nuna mini yadda yake ɗinki."

Kyaftin ya shiga bayani. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ita da ta san lissafi za ta fi kowa fahimta. Ya raba kuɗin nasa agogon da na ɗan siririn nan na kantin da faɗinsu, kuma nasa ne ya fi araha a kowace milimita, ga mita dubu kyauta a kai. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce da wannan lissafin agogon bangon ajinsu ya kamata ya ɗaura, don shi milimitarsa kusan kyauta ce. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da shiga ruwan da ya wuce na baho. Ya ce akwai abubuwan da namiji ba ya faɗa wa iyalinsa don kada hankalinsu ya tashi. Ta ce babu laifi, ranar Asabar ba ta da makaranta, za ta zo ta ga yadda hannu ke cin kwangila.

Daga ranar bai ƙara cire agogon ba, don kada ya sake mutuwa. Ranar Juma'a da yamma yana juya kushin ɗin samfurin don ya goge shi, maɓallin sarƙar ya kama bakin ɗinki, ya fizge hannu, ledar ta yage tun daga kusurwa har tsakiya. Ragowar shuɗiyar leda babu. Ya zauna kan tsohon keke ya haɗe wurin, keke ya yi halinsa, yana ɗinka bakwai yana tsallake uku. Tela ya leƙo ya ce ya kawo ya bi masa da nasa keken, ko da allura za ta karye. Kyaftin ya ce ba sai an yi ba, zai kifa gefen ƙasa, kuma dai ba kushin za a kalla ba.

Ranar Asabar Tela da mai aski suka rufe shagunansu, wai don su taya shi ɗaukar kujera. Kowa a layin ya san abin da ya kai su. Matarsa ta biyo su a baya da lema.

Gefen tafkin a cike yake. Baƙin otal na kwance ƙarƙashin lemomi, masu hidima na zagayawa da kofuna. Sauran masu neman biyu sun riga su zuwa, wani mai ƙiba da ke da babbar masana'anta, da wata mata mai shiru-shiru da ta zo da kujerarta ita kaɗai a bayan mota. Mai otal ɗin gajeren tsoho ne mai furfura, damatsansa kamar an murɗa igiya, a hannunsa wani baƙin agogon roba da ya koɗe. Ya kwanta a kujerar mai ƙiba, ya kwanta a ta matar, ya shafa ɗinkin kowacce da babban yatsa. Da ya zo kan ta Kyaftin, kafin ya sunkuya Kyaftin ya tare shi da gaisuwa, ya miƙa hannu biyu don na hagun ya fito fili. Agogon ya zamo ya daki tsohon a ƙashin yatsa.

Tsohon ya murza wurin, ya dubi agogon, ya ce lallai wannan na masu aikin zurfi ne, a ina yake nutso? Kyaftin ya ce a ko'ina, duk inda ruwa ya yi baƙi. Tsohon ya ce shi a shekara ashirin da ya yi yana aikin, mafi zurfin da ya taɓa kaiwa mita sittin ne, kuma ranar sai da ya yi ta tsayawa a hanya kafin ya fito, don kada jininsa ya yi kumfa.

"Zamaninku ke nan, Baba," in ji Kyaftin cikin tausayawa. "Mu yanzu ɗari huɗu muke yi, mu taso kai tsaye."

Tsohon ya tambaya wace irin iska yake sa wa a tukunyarsa. Kyaftin ya ce tukunyar iska ta 'yan koyo ce, shi numfashinsa yake riƙewa. Baƙin da ke kusa suka fara matsowa, wani ya ɗaga waya. Tela ya sami kujera ya zauna ya harɗe ƙafa. Ganin jama'a ya sa Kyaftin ya shiga labarin kifi mai haƙoran zarto, wanda a yau ya biyo shi har cikin wani jirgi da ya nutse. Wata baƙuwa ta tambaya girman kifin. Kyaftin ya ja baya ya tsaya a bakin tafkin, ya ce daga nan, ya ware hannuwansa da ƙarfi, zuwa can.

Agogon ya fice daga hannunsa kamar an harba shi. Ya yi sama yana ƙyalli, ya juya sau biyu, ya faɗa tsundum a ɓangaren da aka rubuta mita uku. Kowa ya matso baki. Ruwan garau yake, ga shi can a ƙasa, fuskarsa ruwan lemo tana kallonsu.

"Mita uku ne kacal, Kyaftin," in ji tsohon. "Bismillah."

Kyaftin ya ce matsalar ke nan. Ruwa mara zurfi shi ya fi haɗari ga wanda ya saba da zurfi, don da gudun da yake shiga zai iya fasa musu tayil ɗin ƙasa da kai. Tsohon ya ce ya yafe tayil. Kyaftin ya ce bai daɗe da cin abinci ba. Mai aski ya ce tun safe suna tare, ko ruwa bai gan shi ya sha ba. Kyaftin ya ce maganin da ake zuba wa ruwan tafki yana ɓata wa mai nutson teku ido. Wani baƙo ya miƙo masa tabarau na ninkaya. Yana juya tabarau ɗin a hannu yana neman wata hanya, matarsa ta naɗe lemarta ta matso kusa da shi.

"Baban yara, keken ɗinkinmu ne a ƙasan ruwan nan. Sauka ka ɗauko."

Ya cire takalmi ya jera su. Ya cire riga ya ninke ta kamar za a mayar kanti. Ya yi miƙa hagu, ya yi dama, ya yi tsalle uku a wuri ɗaya, ya tambaya ko akwai wanda ke da ciwon zuciya a wurin, don abin da za a gani ba na kowa ba ne. Babu wanda ya amsa. Sai ya juya wa ruwan baya ya kama tsanin ƙarfe, ya ce masana ta nan suke shiga. Taki na farko ruwa ya kai gwiwa. Na biyu ya kai ƙugu, ya ja numfashi da ƙara saboda sanyi. Na uku ya kai ƙirji. Ƙafarsa ta laluba na huɗu ta tarar babu, hannuwansa da suka jiƙe suka sulluɓe.

Ya tafi ƙasa da baya, ƙafafu a sama. Baƙi suka tafa, don sun ɗauka salo ne. Ya taso ya buɗe baki zai yi magana, ruwa ya riga shi, ya koma. Da ya taso karo na biyu yana dukan ruwa da hannu biyu yana kiran mahaifiyarsa, tafin ya fara raguwa. Tela ne ya fara ganewa. Ya tashi a guje ya fizgi abin da ya fi kusa da shi, kushin ɗin samfurin, ya wurga masa.

Kyaftin ya rungume shi da hannu da ƙafa. Kushin ya riƙe shi daƙiƙa biyar. Sannan ɗinkin jiya ya buɗe da wata ƙara kamar an yage takarda, soso ya leƙo, ya fara shan ruwa yana kumbura, gutsattsarinsa suna watsuwa a saman tafkin. Kushin ya yi nauyi ya karkace, ya nufi ƙasa da mai shi a manne.

Tsohon ya cire tabaransa ya miƙa wa matar nan mai shiru-shiru ta riƙe masa. Ya shiga ruwan ko fantsama bai yi ba, ya kamo Kyaftin ta bayan wando, ya jawo shi baki, Tela da mai aski suka ɗaga shi suka shimfiɗe a kan tayil. Tsohon ya sake komawa, ya fito da agogon a hannu ɗaya da ragowar kushin a ɗayan.

Kyaftin ya yi tari ya amayar da ruwan da zai cika kofi biyu. Da numfashinsa ya dawo, abin da ya fara faɗa shi ne da gangan ya yi, yana so ya ga ko otal ɗin a shirye yake in baƙo ya faɗa ruwa. Tsohon yana goge fuska da tawul ya ce to, otal ya ci jarrabawa, saura kushin. Ya ɗaga ledar ya zura hannunsa ta inda ɗinkin ya tsallake har ya fito ta ɗaya gefen. Sannan ya ɗaga agogon a rana. Ruwa na kai-komo a cikin gilashin, allurar daƙiƙa ta tsaya, makunnin gefe na waje kamar harshe.

"Agogon kirki ne," in ji shi. "Mita dubun ma zai yi, amma sai an rufe masa ƙofa."

Ya karɓi tabaransa daga hannun matar, ya ce mata ta zo ofis ranar Litinin a sa hannu. Ya sa ma'aikata su kawo raga su tsince soso daga ruwan, don baƙi na jira su yi wanka. Matar Kyaftin ta yi masa godiya da ya ceto mata miji, ta tambaya ko agogon zai gyaru. Ya ce zai gyaru, akwai masu buɗe irinsa, sai dai da tsada. Ta ce ai ta san su ma ba da milimita suke caji ba. Ya miƙa mata, ita kuma ta miƙa wa mijinta.

"Ɗaura abinka. Da shi ka zo."

Suka fito ta ƙofar baya, Tela da mai aski ɗauke da katakon kujera babu kushin, Kyaftin a tsakiya da jiƙaƙƙen wando yana barin sawu a kan titi, riga a bushe tsaf da karin ninki. Ko a hanya bai yi shiru ba. Ya ce wa mai aski ruwan tafki ba shi da gishiri, shi ya sa ba ya ɗaga mutum, kuma duk wanda ya san teku ya san haka. Mai aski ya ce zai so ya ji ƙarshen bayanin, amma a bari sai ranar Litinin lokacin da shago ya cika.

A tashar bas suka ajiye kujerar suka tsaya jira. Wani dattijo da ke zaune a benci da leda a cinya, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya hango ƙaton agogon ya yi murmushi, ya ce ɗana, ga ka da babban agogo, ƙarfe nawa ne?

Kyaftin ya ɗaga hannu bisa sabo, agogon ya gangara, ya tare shi da ɗayan hannun ya ƙura masa ido. Ya buɗe baki ya rufe. Matarsa ta leƙo ta kafaɗarsa ta duba.

"Baba, lokaci dai ba mu sani ba," in ji ta, "amma ruwan ya kai tsakanin tara da uku."